Taku Shida a Maƙerar Surukina

Tun da na dawo daga Nijar ban huta ba. Duk wanda ya zauna a bencin ƙofar shagona sai ya ce, "Isiyaku, yaya ƙasar Faransa?" kamar jirgi na hau. Wani labarin burodi yake so, wani na jandarma. Malam Habu tela kuwa sau uku yana sa ni in maimaita masa yadda na yi rarrafe, kuma kowane karo sai ya ƙara gishiri kafin ya kai wa na gaba. Jiya na ji wai a Bakori cewa ake yi suma na yi. To, ga zancen daga bakin mai shi, kowa ya karanta ya bar ni in yi aikina.

Ni mutumin Mahuta ne, sana'ar hoto ce ta zaunar da ni a Funtuwa. Matata Hajara 'yar wani ƙauye ce gabas da Maraɗi, ta hanyar Tasawa. 'Yar fari ce, kuma kun san halin mutanen da game da ɗan fari: ba a faɗin sunansa, ba a yi masa wasa, ba a ko kallonsa. Tana da shekara bakwai aka ba gwaggonta da ke aure a Bakori riƙonta. A can ta girma, a can na gan ta, mijin gwaggon ne ya ba ni aurenta. Shekara takwas muna tare ban taɓa sa surukina a ido ba, sai dai goro da yadi da nake aika masa ta hannun fatake.

An fara karyar masara ke nan ta haihu. Tana cikin wankan jego wani mai kawo albasa ya zo da labari cewa ƙafafun tsohon sun daina ɗaukarsa. Shi maƙeri ne, ya ce ba zai kwanta cikin gida tsakiyar mata ba, sai aka kai masa gadonsa can ƙuryar maƙera inda zai riƙa jin ƙarar guduma. Hajara ba ta yi kuka a gabana ba. Washegari dai da ta kawo mini koko ta tsaya, ba ta tafi ba.

"Malam, jiya na yi ta ƙoƙarin in tuno fuskar Baba, na kasa. Ƙeyarsa nake tunawa. In na shiga maƙera sai ya juya baya." Sannan ta ce, "Kai da kake ɗaukar fuskar kowa a garin nan..."

Ba ta ƙarasa ba, ni kuma kunya ta kama ni har cikin ƙashi. Na ce mata jibi zan tashi.

Matsalar ita ce ni mai hoton rana ne. In kafa labulena mai zanen jirgin sama a ƙofar shago, in tsayar da mutum, rana ta yi sauran aikin. Filas kuwa, wato wutar da ake walƙawa a ɗauki hoto cikin duhu, ban taɓa mallakarta ba. Sai na nufi wurin ubangidana, Oga Rasaki, Bayaraben da ya koya mini sana'a, wanda ya daɗe a Funtuwa har 'ya'yansa ba su san hanyar garinsu ba. Ya ɗauko filas ɗinsa daga cikin tsumma, amma ya ƙi sakinta sai da ya yi mini karatu.

"Isiyaku, wannan abu ba ta da hankali. Haske ɗaya take bayarwa, ko sarki ne a gabanta ko akuya. Kai ne za ka yi mata hankali. Duba bayanta, nawa aka rubuta?"

"Hamsin da shida."

"Ita ce lambarta, ƙarfinta ke nan in ka sa fim irin namu mai lamba ɗari. Ka auna ƙafa nawa ne tsakaninka da mutum, ka raba hamsin da shida da su. Abin da ya fito, shi za ka sa a zoben idon kyamara. Ƙafa bakwai?"

"Takwas."

"Ƙafa goma?"

Na yi ta motsa baki.

"Biyar da ɗigo shida! Ƙafa sha huɗu, huɗu. Mutum yana nisa, lamba tana ƙanƙancewa, ido yana buɗewa. Idon kyamararka a nawa ya ƙare?"

"Uku da rabi."

"To, ƙafa sha shida ke nan iyakarka. Wanda ya wuce nan, ko addu'a ka yi ba zai fito ba. Kuma Bature a ɗaki mai farin fenti ya auna lambar nan, bango yana mayar masa da haske. In bango baƙi ne, ka ƙara buɗe ido mataki ɗaya."

Na ce na gane, don ni mutum ne da ba ya son a daɗe ana koya masa abu. Ya sa na taka tsakar shagon, muka auna takuna ƙafa biyu da rabi ne, ya zuba mata ƙananan batir huɗu sababbi, ya ce in dawo masa da ita da ranta.

Motar da na samu ta Katsina irin mai katakon nan ce, direban ana ce masa Ɗanjuma Ba-Birki, kuma da muka gangara wajen Bakori na gane ba zagi ba ne, bayani ne. A Malumfashi muka tsaya a ƙara buhuna, sai ya hango kyamara a wuyana. Nan take ya kashe mota, ya gyara hula, ya ɗora ƙafa a kan taya, ya ce ba mai motsawa sai an ɗauke shi. A nan zan yi iƙirari da wani abu, Allah Ya yafe mana, duk mai hoto ya san shi. In mutum ya matsa maka, ba ka son ɓata fim, sai ka walƙa masa filas kawai ba tare da ka danna kyamara ba. Ya ga haske, ransa ya yi fari, kowa ya kama gabansa. Na walƙa wa Ɗanjuma, na walƙa wa wata tsohuwa mai daddawa da ta ce ita ma ai ta biya kuɗin mota, na walƙa wa wani Bafillace da ɗan maraƙinsa. Da rana tsaka, inda ba a ma bukatar filas, amma mutanenmu in ba su ga walƙiya ba gani suke ba a yi komai ba.

Taya ta fashe mana kusa da mararrabar Matazu, muka yi azahar da la'asar a gindin wata tsamiya. Sai bayan magariba muka shiga Katsina, na kwana a tasha a kan buhun wani, da safe na kama motar Jibiya.

Kan iyaka ba wani abu ba ne, sanda ce aka gitta a hanya, gonar gero ta wannan gefe ita ce ta wancan gefe. Amma da ka tsallaka sai ka ga wando ya gajarce, hula ta canja, Hausa ta karkace. Wani jandarma dogo ya zazzage jakata, ya ɗago filas ɗin Oga Rasaki.

"Mi ne ne wanga?"

"Wutar hoto ce, ranka ya daɗe."

Ya jujjuya ta, ya kawo ta daidai hancinsa yana leƙen gilashin, babban yatsansa kuwa yana kan jan maɓallin gwaji. Na buɗe baki in yi magana, ban kai ba. Fau! Mutumin nan ya ja da baya taku uku, hularsa ta faɗi, ya tsaya yana laluben iska. Na ce shi ke nan, Hajara za ta yi arba'in mijinta yana ɗaure a ƙasar mutane. Sai na ji 'yan uwansa sun fashe da dariya, ɗaya har da riƙe ciki. Da idonsa ya dawo shi ma ya yi dariyar, ya ce tun da na makantar da hukuma, hukuncina shi ne in ɗauki hukuma hoto. Su biyar suka jera, kowa ya ƙame, sannan kowa ya ce a yi masa nasa shi kaɗai. Na walƙa musu har sau shida, suka buga mini hatimi, muka rabu muna abokai.

A Maraɗi na sauka gidan Alhaji Idi, wani mai fataucin goro da ke sauka unguwarmu in ya zo Funtuwa. Mutanen kirki ne ƙwarai, sai dai ba sa gajiya da gaya maka cewa su ne Katsinawan asali, mu 'yan tsaron gida ne. Da na ce daga Funtuwa nake, wani tsoho ya dube ni da tausayi ya ce, "Wayyo, masu cin masara." Su gero ne safe da yamma. Furarsu kuwa ban ga irinta ba, ka sha ludayi biyar ka wuni ba ka tuna da tuwo ba. Burodin da kuke tambaya gaskiya ne, dogo ne kamar tabarya, kuma in ya kwana za ka iya korar kare da shi. Shayi kuma a ɗan ƙaramin kofi ake ba ka, sau uku, na farko ɗaci kamar maɗaci. Na shanye na miƙe zan tafi, aka ce ina zuwa, ai yanzu aka fara. Da rana ta take kuwa gari gaba ɗaya sai ya rufe, har ofis, kowa ya je ya kwanta. Da a Funtuwa ne, da an ce annoba ce ta shigo.

Da yamma na zaga kasuwa na tarar da shagon wani mai hoto, Malam Lawali. Ɗan sana'a ba ya wuce ɗan sana'a, na shiga muka gaisa. Na tambaye shi lambar filas ɗinsa, ya ce sha bakwai. Na yi murmushi irin na wanda ya zo daga babbar ƙasa.

"Sha bakwai? Ai wannan ashana ce. Tawa hamsin da shida. Ta ninka taka sau uku har da ɗoriya."

Sai ya buɗe akwati ya ɗauko tasa ya ajiye kusa da tawa. Iri ɗaya sak, har ɗan karcen da ke jikin murfin batir kamar uwa ɗaya ta haife su.

"Malam, da mi kake aunawa?"

"Da ƙafa mana."

"Mu da mita muke yi. Mita guda ta hi ƙahwa ukku. Raba hamsin da shiddanka da ukku da 'yan kai, ka gani in ba sha bakwai ba ta hito. Wuta guda ce, ma'auni ne ya bambanta. Da ka ɗauki lambarka ka raba da mita, da duk mutanen da ka ɗauka sun hito baƙi ƙirin."

Akwai mutum huɗu a shagon, kuma duk sun ji. Ya danna filas ɗina don gwaji, ya tsaya yana kallon 'yar fitilar bayanta da ke kamawa in ta sake cika. Ya ce ta fara jinkiri, batir sun yi sanyi, in bi ta wurin wani mai tebur a bakin tasha in sayi sababbi, don ƙauye ba a samun ƙanana. Shawara ce ta gaskiya. Amma ni a lokacin kunnena zafi yake yi, kuma ban ga dalilin da mai sha bakwai zai koya mini batir ba. Na yi masa sallama na wuce mai teburin ina kallon wani gefe.

Washegari wata tsohuwar mota ta sauke ni a bakin wata kasuwar ƙauye. Wani ƙaƙƙarfan mutum mai tabon wuta a hannu ya tare ni da amalanken shanu, ya dube ni sama da ƙasa.

"Kai ne mijin Yaya? Haba! An ce muna mai hoto, na zaci wani kyakkyawa ne."

Isuhu ke nan, ƙanin Hajara, shi ke riƙe da maƙera yanzu. Ƙanin mata abokin wasa ne ko'ina, amma wannan ya ɗauki abin kamar aikin gwamnati. Tun daga kasuwa har gida bai bar ni na numfasa ba. Da aka kawo mini tuwon gero da miyar kuka har da zabuwa, na ce alhamdu lillahi a ƙoshe nake, don wane ni in buɗe baki in ci abinci a gidan surukai ranar farko. Isuhu ya ce madalla, ya zauna a gabana ya cinye zabuwar tas yana ba ni labarin daɗinta. Sai can da ya ga idona ya faɗa ya zagayo da ƙwaryar fura ta bayan ɗaki, ya tsaya yana yi mini gadi har na shanye.

Bayan la'asar aka ce in zo in gai da Baba. Maƙerar doguwa ce, ginin ƙasa, ƙofa ɗaya. Shekara da shekaru hayaƙi ya shafe bango da rufi, baƙi wuluk kamar gindin tukunya. Na tuɓe takalmi, na durƙusa a bakin ƙofa, na sunkuyar da kai. Can ƙurya, bayan murhu da uwar maƙera, na hangi alamar gado da farin abu a kai. Manyan maƙeran garin su shida suna zaune jikin bango. Muka gaisa, amma ba kai tsaye ba. In ce, "Ina wuni, Baba," Isuhu ya ɗauka ya kai, tsoho ya ce, "Ce wa baƙo lahiya lau," Isuhu ya dawo da ita, alhali kowa yana jin kowa. Ya tambayi hanya, ya tambayi damina, ya tambayi gwaggo da mijinta. 'Yarsa da jaririnta kuwa, sai cewa ya yi, "Mutanen gida suna lahiya?"

Isuhu ya gaya masa an aiko ni in ɗauki hotonsa. Tsoho ya ce baƙo ya yi abin da ya kawo shi.

Na auna da ido. Daga inda nake zuwa gadon taku goma ne, ƙafa ashirin da biyar. Hamsin da shida a raba da ashirin da biyar, biyu da 'yan kai. Babu wannan lambar a kyamarata, ko da bangon farin fenti ne. Na san haka sarai. Amma in tashi in ratsa tsakiyar dattawa in je in tsaya a kan surukina? Ƙafata ta ƙi. Na buɗe ido har ƙarshe, na danna daga bakin ƙofa. Fau! Dattawa suka yi salati. Na jira 'yar fitila ta kama, ta daɗe, na sake dannawa. Na yi godiya na fita da baya da baya.

A waje Isuhu ya dafa ni ya ce, "An gama ke nan? Sana'arku da sauƙi."

Na zauna a kan wani turmi na gaya masa gaskiya, har da yadda Hajara ta ce ta kasa tuno fuskar Baba. Ba abin da na ɗauka sai duhu. Wannan karon ba direba na yaudara ba, ba jandarma ba, matata zan koma in miƙa wa baƙar takarda in ce ga mahaifinki. Raina ya ɓaci ƙwarai, har na ji ƙwalla. Na ce ko za a fito da Baba rana gobe, minti biyu kawai. Isuhu ya daina dariya. Ya ce tsoho ya rantse ba mai ɗaukarsa kamar buhu a gaban gari, sai ranar da za a sa shi a makara. Na ce to shi ya karɓi kyamarar, in saita masa komai, ya je kusa ya danna.

"A'a. Kai Yaya ta aiko. In ka koma ta ce yaya ka gane shi, mi za ka ce? Ƙanenki ya gane mini?"

Da safe na gwada filas, na ƙirga har sittin kafin fitilar ta kama. Batir ɗin tocila ne kawai a garin, manya, ba sa shiga. Na tuna mai teburin Maraɗi, na tuna Bafillace da maraƙinsa, na zagi kaina iya zagi. Abin da ya rage a cikinta bai wuce walƙiya ɗaya ba, in an yi sa'a biyu.

Da hantsi muka koma maƙera, dattawan jiya suna nan har sun ƙaru. Na durƙusa a inda na durƙusa jiya. Ban san Isuhu zai yi abin da ya yi ba.

"Baba, baƙo ya ce hoton jiya bai yi ba. Wai wutarshi ba ta kawowa nan."

Da ƙasa za ta tsage da na shige. Tsoho ya yi gyaran murya.

"Tambaye shi, wutar tashi iyakarta ina?"

Na ce wa Isuhu, a ɗaki mai haske taku shida, a nan kuwa da bango ke shanye ta, sai na zo taku huɗu. Na fara kawo lissafin Oga Rasaki, hamsin da shida a raba da kaza. Tsoho ya katse ni.

"Bar shi da ƙidaya, na gane. Ƙarhen da ke bakin wuta shi ka yin ja. Ka ja shi baya taƙi guda, ba rabin zahi yake samu ba, bai samun komi. Wuta duk halinta guda." Ya juya ga Isuhu. "Yanzu taku nawa ke tsakani?"

"Goma, Baba," in ji Isuhu.

"To, ce wa baƙo ya matso."

A nan ne maganar rarrafe ta samo asali, kuma ba zan musa ba. Miƙewa tsaye a gaban suruki ba ta taso ba, don haka da gwiwa na tafi, kyamara tana lilo a wuya, filas a hannu, kai a ƙasa. Na yi abin da nake jin taku biyu ne na tsaya, ina fatan a ce ya isa.

"Saura nawa?" in ji tsoho.

"Huɗu, Baba."

"Ya matso."

Na ratsa ta gaban dattawa. Wani ya janye ƙafarsa, wani ya ce, "Sannu, ɗan Nijeriya." Gwiwata ta sauka a kan wani ɗan gawayi da bai gama mutuwa ba, na haɗiye ihun, wandon dai har yau da hujinsa. Isuhu yana biye da ni yana ƙirgawa da ƙarfi kamar mai awon gona. Da ya ce shida na tsaya. Ƙafa goma. Lissafi ya ce biyar da ɗigo shida, baƙin bango ya ce in ƙara mataki ɗaya, na murɗa zobe zuwa huɗu. Na saita nisa a kan goma, na kunna filas, muka zauna jiran 'yar fitila. Ina jin numfashin tsohon. Ban taɓa jin minti mai tsawon wannan ba.

Cikin wannan shirun ne ya yi magana, a hankali, ba irin muryar da yake ba da umarni da ita ba.

"Isuhu. Hoton nan, wa za ya gane shi?"

Isuhu, wanda bakinsa bai taɓa mutuwa ba tun da na zo, ya yi jim. Sannan ya ce, "Mutanen Funtuwa, Baba. Su suka aiko."

"Su da kansu?"

"Su da kansu. Sun ce sun manta kamanninka."

Na ji gado ya yi ƙara. Tsoho ya ce a tashe shi zaune, a miƙo masa hularsa, a gyara masa wuyan riga. Fitila ta kama.

Kyamarata irin mai ido biyu ce, wadda ake riƙewa a ciki a leƙa ta sama. Ban taɓa gode wa wanda ya ƙera ta ba sai ran nan, don kaina yana sunkuye kamar yadda ya kamata, amma gilashin yana gabana. Duhu ne a ciki, inuwa kawai nake gani. Na yi bisimilla na danna. Cikin walƙiyar nan, ƙiftawa ɗaya, na ga surukina. Ya ɗago kai sosai, ya zuba ido cikin kyamara, bai kauce ba.

Filas ba ta sake kamawa ba. Na koma da baya har ƙofa, wannan karon ba wanda ya yi dariya. Da zan tafi washegari tsoho ya aiko Isuhu da 'yar ƙaramar wuƙa da ya ƙera tun yana da ƙarfi, da damin gero, ya ce a kai wa mutanen gida. Isuhu ya raka ni har bakin kasuwa, ya ce in gaya wa Yaya ta yi haƙuri da mijin da Allah Ya ba ta.

Dawowa ba ta da labari, sai fargaba. Kwana biyu ina rungume da kyamara kamar jinjiri, ko a kan iyaka da abokaina jandarmomi suka tambayi hotunansu, cewa na yi suna wanki. Ban biya gida ba, shagon Oga Rasaki na fara sauka, muka shiga ɗakin duhu tare. Da fim ya fito ya ɗaga shi a fitila. Na farko fayau, ba komai. Na biyu haka. Ya dube ni ta saman tabarau.

"Daga ina ka ɗauki waɗannan? Daga Jibiya?"

Sai ya kai kan na uku, ya ƙara matso da shi kusa da fitila. Ya ce, "Ƙafa goma, ido huɗu." Na ce haka ne. Ya ce, "To, ka zama mai hoto." Muka buga shi babba. Ina tsaye ina kallo fuskar tana fitowa a cikin ruwan magani, farin gemu, tsagar gado a kumatu, da idanun nan.

Na sami Hajara a ɗaki tana shayar da jariri. Ta yi mini sannu da zuwa, ta tambayi hanya, ba ta tambayi abin da ke ranta ba. Na miƙa mata ambulan. Ta kwantar da yaron, ta goge hannu a zane, ta zaro hoton. Ta daɗe tana kallo, har na fara tsoron ko ba ta gane shi ba.

"Malam," ta ce, muryarta ƙasa ƙasa, "wa yake kallo haka?"

Na ce, "Sai da ya tambayi wanda zai gani. Da aka gaya masa, shi ya ce a tashe shi zaune."

Ta jingina hoton a jikin jeren kwanoninta. Ta jawo mayafi ta rufe kai, ta sauko daga bakin gado ta durƙusa a gabansa, hawaye yana zuba, amma ba ta sunkuyar da ido ba.

"Ina wuni, Baba," ta ce.

Na ɗauki takalmina na fita zaure, na ba su wuri.